Ku Daina Saya Wa Tsofaffi Barci A Kemis

Ana saya wa tsofaffi barci a kemis, kuma abin ya zama ruwan dare a birni da ƙauye. Dattijo ya kwana yana juyi, ko tsohuwa ta riƙa tashi tsakar dare tana laluben ƙofa tana cewa a mayar da ita gidansu, gari na wayewa sai a tura yaro bakin titi. "Malam, Baba ne ba ya barci, ya hana kowa runtsawa. A ba ni abin da zai kwantar da shi." Mai kemis bai ga Baba ba. Bai san shekarunsa ba, bai tambayi ko yana da hawan jini ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba, bai ga yadda yake haɗiye ruwa ba. Zai miƙa hannu kan kanta ya yanko 'yan ƙwayoyi, ya ƙunshe a takarda, ya ce guda ɗaya bayan isha'i, in bai ji ba a ƙara. Daren nan gida ya yi tsit, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ba a rufa mako biyu ba Baba ya daina cin abinci, numfashinsa ya koma sama-sama, ƙirji ya cika da majina. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji aka ce limoniya ce. A wajen zaman makoki kuwa sai ka ji ana cewa sanyi ne ya shige shi, ai ka ga hunturun bana, ga kuma shekaru. Babu mai tuna ƙunshin takardar nan.

Abin da nake so ya shiga kunnen duk mai tsoho a gida shi ne, magungunan da ke sa gyangyaɗi, da masu busar da baki, da masu kashe tari, da masu karya garkuwar jiki, suna buɗe wa limoniya ƙofa a jikin wanda ya manyanta. Duk wanda ya ba tsoho irinsu ba tare da likita ya duba shi ba, don kawai gida ya samu shiru, ya ɗauki alhakin da ya fi ƙarfinsa, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Mun daɗe muna kururuwa a kan shaye-shayen matasa, kuma abin ya isa a yi masa kururuwa. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, jim kaɗan bayan BBC ta saki binciken da ya tona yadda ake kwankwaɗarsa. Babban rahoton nan na 2018 a kan amfani da ƙwayoyi a Najeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke amfani da su. Amma duba shekarun waɗanda aka ƙirga: daga 15 zuwa 64. Wanda ya kai 65 ba ya cikin lissafi. Alhali ƙwayar da ake kama saurayi da ita a lungu ita ce ake narka wa kakarsa a kofi, sai dai ita babu mai kai ƙara, tunda ɗanta ne ya sayo. Limoniya kuma mun fi saninta a kan jarirai. Gaskiya ne tana kashe su, amma cikin kimanin mutum miliyan 2.5 da ta kashe a duniya a 2019, kusan rabi 'yan shekara 70 ne zuwa sama.

Ga yadda ƙwayar barci ke kai mutum ga ciwon huhu. A maƙogwaro hanya biyu ce ta rabu, ta iska a gaba mai zuwa huhu, ta abinci a bayanta mai zuwa ciki. Duk loma da duk kurɓin ruwa sai sun tsallake bakin hanyar iska kafin su wuce. A daidai lokacin haɗiya akwai ɗan murfin da ke rufe ta, numfashi ya tsaya na ƙiftawar ido, sannan ta buɗe. In wani abu ya kuskure ya faɗa, tari ne ke fatattako shi. Tari shi ne maigadin huhu, kuma yana bakin aiki ko mai shi na barci. Masu bincike sun gano cewa kusan rabin mutane masu ƙoshin lafiya, in barci ya yi nauyi, ɗigon miyau kan zurare musu cikin hanyar iska, amma su tashi garau, domin tari da 'yan ƙananan gashin da ke share hanyar iska da garkuwar jiki sun gama da abin kafin asuba.

A jikin tsoho maigadin ya riga ya tsufa. Naman da ke haɗiya ya saki, tari ya rage ƙarfi, jin cewa wani abu ya shiga inda bai kamata ba ya dusashe. Haƙora sun ruɓe ko sun zube, dasashi ya zama matattarar ƙwayoyin cuta. In ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko yana da cutar karkarwa, ko gigin tsufa, abin ya ninka. A haka sai ka zo ka ɗora ƙwayar da aikinta ke nan ta kashe ji. Miyau mai ɗauke da dattin baki, ko ragowar tuwon dare da ya taso daga ciki, sai su gangara huhu ba tari ba motsi. Sun fi sauka a huhun dama, don reshen hanyar iska na wannan ɓangaren ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa. Iskar hunturu da ƙurarta, da hayaƙin garwashin da ake kwana da shi a ɗaki a rufe, duk suna da nasu laifin, ban wanke su ba. Amma hunturu kowa yake kaɗawa. A tambayi dalilin da ya sa ya kayar da wannan tsohon a makon da aka fara ba shi sabon magani.

Ɗauki Valium, wanda ake kira D5 a titi, da 'yan uwansa irin su Lexotan. Jikin saurayi ɗan shekara 20 yana buƙatar kimanin awa 20 kafin ya rage rabin Valium ɗin da ya sha. Jikin ɗan shekara 80 sai ya yi kusan awa 90, wato kusan kwana huɗu. Tun shekarun 1970 likitoci suka auna wannan. To ka ba Baba ɗaya daren Litinin, ka ƙara daren Talata alhali ta Litinin ko hanyar fita ba ta kama ba, ka ƙara ta Laraba. Kafin Juma'a ƙwayoyi sun taru a jini, Baba yana gyangyaɗi da rana tsaka da loma a baki, ƙafa na harɗewa in ya nufi bayan gida, harshe ya yi nauyi. Mutanen gida su ce tsufa ya zo gaba ɗaya. A ƙasar Finlan an bi diddigin kusan mutum dubu 50 masu cutar mantuwa ta Alzheimer da ke zaune a gidajensu, aka wallafa sakamakon a 2017. Waɗanda aka ɗora a kan magungunan dangin Valium sun fi sauran kamuwa da limoniya da kusan kashi 30 cikin 100, kuma haɗarin ya fi tsanani a kwana 30 na farko. Can fa likita ne ya rubuta, da awo, da bibiya. Ina ga inda yaro ɗan aike ne ya kawo saƙon "in bai ji ba a ƙara"?

In ƙwayar barci ta gaza, sai a haura zuwa maganin taɓin hankali. Tsohuwa mai gigin tsufa ta fara faɗa, tana zargin surukarta da sace mata kuɗi, tana tuɓe zane, tana neman fita titi. Sai wani ya ba da shawarar Largactil, ko a kira mai allura ya zo har gida ya kwantar da ita. Waɗannan magunguna suna da wurinsu a hannun likitan ƙwaƙwalwa, amma suna sandarar da naman maƙogwaro, suna dagula haɗiya, suna sa barci mai nauyi. A watan Afrilun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a jikin sababbin magungunan wannan rukuni, bayan ta tattara gwaje-gwaje 17 ta ga cewa tsofaffi masu gigin tsufa da aka ba su sun fi mutuwa da ninki 1.6 zuwa 1.7 a kan waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Abin da ya fi kashe su ciwon zuciya ne da cututtuka masu kama jiki, limoniya a kan gaba. A 2008 aka faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da tsofaffin magungunan, su Largactil.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a duk wannan lamari shi ne, sau da yawa ruɗewar da ake saya wa magani ita kanta alamar limoniya ce. Ciwon nan a jikin tsoho ba lalle ya zo da zazzaɓi mai zafi da sukar haƙarƙari da tari mai kaki ba, yadda yake zuwa wa matashi. Yana iya zuwa da sambatu kawai, ko faɗuwa, ko ƙin abinci, ko fitsarin kwance ga wanda bai saba ba. Dattijon da jiya yake kiran jikokinsa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yau ya tashi yana kiran matarsa da sunan mahaifiyarsa, kada a ce gigin tsufa ne. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar dare ɗaya tana nufin wani abu ya taɓa jiki: ciwon huhu, ko cutar mafitsara, ko suga ya faɗi, ko fitsari ya maƙale, ko magani ya yi yawa. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun isasshiyar iska ce ke sambatu. In ka ba wannan mutum ƙwayar barci, ka rufe bakin da ke faɗa maka akwai matsala, ka kuma rage masa ɗan numfashin da ya saura. Kafin a ce iska ce ko sammu, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Ya haura 24, akwai magana. Ya kai 30, lamari ya ɓaci.

Daga nan sai ɗura, kuma a kan ɗura zan tsananta, don da hannun masoya ake yin ta. Inna ta sha ƙwaya ta yi laushi, ba ta iya tashi zaune, abinci ya gagara. Hankalin 'ya'ya mata ya tashi. "Yaya, tun jiya fa Inna ba ta sa komai a cikinta ba." Sai a dama kunu, a tallafo kanta kaɗan tana kwance, a buɗe baki da cokali a riƙa zubawa. Wani ya kawo rubutu, wata ta kawo zamzam, maƙwabciya ta ce a gwada man zaitun ko na habbatus sauda. A daka ƙwayoyin asibiti a zuba a ciki don kada a tsallake lokacin shan magani. In ta sarƙe, a bubbuga bayanta a ce sannu Inna, a ci gaba. In ba ta sarƙe ba ma sai a ji daɗi, a ce yana wucewa. Ina yake wucewa? Ban raina tausayin ba, ban raina addu'a ba. Amma maƙogwaron da ƙwaya ta kashe wa ji ba ya bambanta kunu da zamzam, duk abin da aka zuba hanyar da ta buɗe zai bi. Mai kuwa ya fi komai muni, domin silalewa yake yi ba tare da ya tayar da tari sosai ba, kuma in ya shiga huhu jiki ba ya iya kwashe shi cikin sauƙi. Wannan ya haɗa da man farafin da ake ba tsofaffi don taurin bahaya. Wanda ba ya iya buɗe ido ya amsa kira, ko ba ya iya zama, kada a zuba masa komai a baki. A jiƙa masa leɓe, a shafa masa abin da ake son shafawa, a yi masa tofi, a kai shi inda za a ƙara masa ruwa ta jijiya. Yunwar kwana ɗaya ba ta kashe tsoho da saurin da kofin kunu ɗaya a huhu ke kashe shi.

Ko tsohon da ke kan ƙafarsa a lura da shi a bakin akushi. In yana tari duk lokacin da ya kurɓi ruwa, ko muryarsa ta jiƙe bayan haɗiya, ko idanunsa na kawo ruwa, ko abinci na taruwa a kuncinsa, haɗiyarsa ta samu matsala. Irin wannan tarin shi ke tsare masa rai. Mai sayo masa maganin kashe tari, garin neman gira zai rasa ido.

Sai haɗin ciwon jiki. Dattijon da ya shafe rayuwarsa a gona ko a dako dole gwiwa da ƙugu su yi ciwo, kuma shi da kansa yake dogara sanda ya je ya ce, "Yaro, haɗa mini na ciwon jiki." A zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban, ba suna ba kwali. A cikin irin wannan haɗi kan samu tiramadol, wanda ɗan gidan su kodin ne, dangin da ke rage ƙarfin numfashi da na tari. A kan samu deksa ko firednisolon, waɗanda ke kwantar da ciwo nan take, su buɗe ciki, fuska ta ciko. 'Ya'ya su ce ma sha Allah, Baba ya murmure, kumatu sun fito. Kumburin magani ne. A ƙarƙashinsa garkuwar jiki na zagwanyewa, suga na hawa, ƙashi na rauni, zazzaɓin da zai fallasa ciwo yana ɓoyewa, kuma tsohon tarin fukan da ya kwanta a huhu tun ƙuruciya yana iya farkawa, a ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi fama da tarin fuka a duniya. Deksa kuma yana hana barci. Ka ga ke nan an koma kemis neman na barci, don a gyara ɓarnar da na ciwon jiki ya yi.

Ba a ma bar na mura ba. Piriton da Phenergan, da amitiriftilin da ake bayarwa don zugin ƙafa ko rashin barci, duk suna busar da baki. Miyau shi ke wanke baki dare da rana, shi ke jiƙa loma ta wuce. In ya ƙafe, ƙwayoyin cuta su yi yawa, haɗiya ta yi wuya. Wani bincike da aka yi a birnin Siyatil na Amurka, aka wallafa a 2015, ya sami alaƙa tsakanin shan magungunan wannan rukuni da kamuwa da limoniya a cikin 'yan shekara 65 zuwa sama. Su ne kuma ke maƙale wa dattawa fitsari su ruɗa musu tunani. Mafi haɗari shi ne a tara su wuri guda: tiramadol da safe, Piriton da rana, Valium da dare, ga firegabalin na zugin ƙafar mai ciwon suga. Hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani a 2016 a kan haɗa dangin kodin da dangin Valium, ta sake yin wani a ƙarshen 2019 cewa firegabalin da ɗan uwansa gabafentin suna iya danne numfashi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu.

Wani abin mamaki, akwai maganin hawan jini, lisinofiril da danginsa, da ke sa wasu mutane busasshen tari. Bincike da dama sun nuna masu shan wannan rukuni sun ɗan fi sauran tsira daga limoniya, ana kyautata zaton don yana kaifafa tari. Mu kuwa in tarin ya dami Hajiya, maimakon a koma wa likitan da ya rubuta ya canza mata da wani, sai a sayo mata kwalbar maganin tari, kwalbar ta sa ta gyangyaɗi, gyangyaɗin ya kayar da ita a banɗaki, faɗuwar ta kawo tiramadol. Duk tarin da ya wuce mako biyu gwajin kaki yake buƙata, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Omefirazol ma yana da ɗan rabonsa. Mun mayar da kowane zafin ciki olsa, har akwai tsofaffin da suka shekara da shekaru suna haɗiyar ƙwaya ɗaya kowace safiya ba tare da an taɓa duba cikinsu ba. Tsamin ruwan ciki shi ke kashe ƙwayoyin cutar da aka haɗiya. In aka kashe tsamin suna iya yaɗuwa, su taso, su zurara huhu. Wani bincike a ƙasar Holan ya nuna wannan alaƙa tun 2004. Hujjar ba ta kai ta magungunan barci ƙarfi ba, masana na ja-in-ja a kanta, kuma akwai waɗanda dole su zauna a kan maganin, kamar wanda gyambon cikinsa ya taɓa zubar da jini. Amma ƙwannafi na yau da kullum mako huɗu zuwa takwas ake yi masa, ba har abada ba. Haka abin shaƙa mai sinadarin dangin deksa, da ake ba masu toshewar huhu irin wadda sigari ko hayaƙin murhu ke jawowa. Wani babban gwaji na mutum sama da 6,000 da aka wallafa a 2007 ya nuna yana ƙara yawan limoniya. Wanda likita ya ɗora a kai kada ya yar, ya dai riƙa kurkure baki duk bayan shaƙa, ya kuma bari a riƙa duba ko har yanzu yana buƙatarsa.

To laifin wa? A leƙa ledar maganin da ke ƙarƙashin matashin kai. Babban ɗa ya aiko da nasa daga Abuja. 'Yar da ke aure a Kaduna ta zo da na wani asibitin kuɗi. Asibitin ido sun ba da nasu, na ƙashi sun ba da nasu, ga ragowar na bara, ga na maƙwabcin da ya ce shi ma irin ciwonsa ke nan, ga ƙullin gargajiya. Kowa ya sauke nauyi, kowa ya nemi albarka, amma babu mutum ɗaya a duniya da ya san duk abin da ke shiga cikin tsohon nan a yini guda. Wani lokaci magani ɗaya ne da suna biyu, ana ba shi ninki. Masana lafiya suna ɗaukar magani biyar zuwa sama a lokaci guda a matsayin abin da ke buƙatar a zauna a tantance. Leƙa ka ƙirga na gidanku.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Lasisin da hukumar kula da harkar haɗa magunguna ta ba ku bai wuce sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ba, a cikin kwalinsu na asali. Valium ba ya ciki, tiramadol ba ya ciki, Largactil ba ya ciki. Don mutanen unguwa suna kiranku likita ba ku zama likitoci ba, kuma likitan gaske ma ba ya rubuta wa marar lafiyar da bai gani ba maganin barci. Ku ma ma'aikatan asibiti ba ku kuɓuta ba. Layi ya yi tsawo, na sani, amma tambayar "Baba, me da me kake sha a gida?" ba ta cin minti ɗaya. Tun 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsofaffi, ana sabunta shi har zuwa 2023, kuma yawancin waɗanda na ambata suna ciki. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Kafin irinta ta wadatu a Arewa, kowane mai rubuta magani shi ne likitan tsofaffi, ko ya so ko bai so ba.

Na san wadda ke kwana da tsohon. Galibi suruka ce, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jikanya 'yar makaranta. Ita ke wanki, ita ke kwasar fitsari, ita ke tashi sau nawa a dare, sannan gari ya waye ta ɗora tukunya. In ta nemi abin da zai sa Baba barci, gajiya ce ta kai ta bango, kuma laifin yana wuyan mazan da suka ɗauka aika kuɗin magani shi ne kula da iyaye. Ku raba kwana. Wanda ba zai iya zuwa ba ya biya mai taya jinya. A kuma binciki abin da ya hana barcin, don sau da yawa a fili yake: goro da shayi bayan magariba, ƙwayar sa fitsari da ake sha da yamma maimakon da safe, ciwon gwiwa, fitsarin da ba ya fita duka, yini a ɗaki mai duhu ana gyangyaɗi. A fito da shi hantsi, a taka da shi zuwa ƙofar gida ko masallaci, a rage barcin rana. Barcin tsoho dama ba shi da nauyi, yana kwanciya da wuri ya farka da wuri. Dattijon da ya farka ƙarfe uku ya ɗauki carbi lafiyarsa ƙalau.

Za a ce ai ajali ne. Na'am, babu mai wuce kwanansa. Amma ba mu taɓa yarda direban da ya yi gudun wuce sa'a ya fake da ajali ba, kuma amanar iyaye ta fi ta fasinja nauyi.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya kwashe magungunan Baba ya zuba a masai. Wanda ya daɗe a kan Valium in aka yanke masa farat ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga. Wanda ya daɗe a kan deksa ko firednisolon in aka tsayar masa kwatsam jininsa na iya faɗuwa har ya halaka. A hankali ake janye su, bisa tsarin likita. Maganin hawan jini da na suga da na farfaɗiya kuwa ba a taɓa su sai da izini. Abin da ke hannunku shi ne kula da baki da zama. A ci abinci a zaune cak, loma ƙanana, ba hira ba gaggawa, a kuma ƙara rabin awa a zaune kafin a kishingiɗa. A goge haƙora da dasashi da harshe safe da dare, da burushi ko asuwaki, ko da haƙori ɗaya ya saura. A gidajen kula da tsofaffi na Japan an gwada tsaftace baki a kai a kai, limoniya ta ragu. A Japan ɗin ne kuma aka gano cewa 'yan shekara 85 zuwa sama masu kwana da haƙoran roba a baki haɗarinsu ya ninka na masu cirewa. A tambayi likita batun allurar rigakafin limoniya ta manya da ta mura, musamman ga mai niyyar aikin hajji, inda ciwon ƙirji ke cikin manyan abubuwan da ke kwantar da alhazai a asibiti.

Yau da dare ku zazzage ledar nan a kan tabarma. Ku haɗa da na kemis, da na gargajiya, da kwalaben ruwa, da abin da Baba ke ɓoyewa a aljihun babbar riga. Ku kai duka gaban likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna, ku tambayi amfanin kowanne da ranar daina shi, sannan ku naɗa mutum ɗaya a gidan wanda babu ƙwayar da za ta shiga bakin tsohon sai da saninsa. In kuwa tsohonku ya ruɗe farat ɗaya, ko numfashinsa ya kai 30 a minti, ku kai shi asibiti a wannan daren, a jingine ba a kwance ba, kada ku ba shi ko kurɓin ruwa in ba ya iya haɗiya, kuma ku tafi da ledar.